Bebiya da Idanun Bappa Sulaiman

Bakura,
Jihar Zamfara.
Lahadi, 8 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ka cikin lafiya da kwanciyar hankali, kai da mai ɗakinka Hafiza da yaranku. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya raya Husna da Mukhtar a kan tafarkin Musulunci, ya ba ka arzikin da za ka ci ka kwana lafiya. Na zuba maka addu'ar tun daga farko ne saboda haka aka yi mana tarbiyya a gidanmu, kuma saboda na san halina. In na bari sai na kai ƙarshen abin da zan faɗa, ban tabbata hannuna zai yarda ya rubuta ta ba.

Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, gero ya sunkuya, shinkafar fadamar Bakalori kuma in Allah ya kare ta daga tsuntsu manoma za su dara. Maigidana Malam Auwalu yana nan da ciwon gwiwarsa, yana shafa man da ka aiko masa bara yana sa maka albarka, ni kuwa ina jinsa ba na tanka masa. 'Yata Nazifa, 'yarka ke nan, ta sauka lafiya a Mafara mako uku da suka wuce, an sami mace, an sa mata Amatullah. Ta ce ta tura maka hoton jaririyar ka amsa mata da kalma biyu, ita ke nan barkar da ta samu daga kawunta. Hanyar Maradun tana nan yadda ka bar ta, a fita da hantsi, a dawo kafin la'asar, addu'a na baki. Inna Hussaina ta rame ƙwarai. Mijinta Bappa Sulaiman yana zaune a zaure inda aka yi masa shimfiɗa, kuma a kansa ne na ɗauki alƙalami.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Na gwada wayar. Duk lokacin da na kai bakin maganar sai ka ce ba ka ji na sosai, ko an shigo ofis, ko za ka kira ni bayan taro, kuma taronku na Legas ban taɓa jin ranar da aka tashi daga shi ba. Takarda ba ta katsewa. Zan ba direban motar albasa da ke sauke kaya kusa da unguwarku ya miƙa maka hannu da hannu, don kada a ce ta ɓata a hanya. Magana ce a kan takardar da kamfaninku ya rubuta, kai kuma ka aiko mini ka ce in karanta wa Bappa, in sa ya dangwala yatsa a ƙasa, in mayar maka kafin ƙarshen wata. Na karanta ta sau uku da Turancinta, sannan na zauna na juya ta zuwa Hausa a raina ko za ta yi sauƙi, ba ta yi ba. Abin da take faɗa a taƙaice shi ne an koya wa Bappa aiki yadda ya kamata, an ba shi kayan kariya, an gargaɗe shi, shi ya saɓa, saboda haka makantarsa laifinsa ce shi kaɗai.

Kafin in shiga, bari in ba na'urarku haƙƙinta, don kada ka ce ni Addarka ban san ci gaba ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ɗan asibitin sha-ka-tafi da ƙungiyar gari ta gina, ban taɓa samun wuta irin ta wata takwas ɗin nan ba. Na'urar da kuke kira fiyul sel, mutanen nan suka raɗa mata suna Bebiya saboda ba a jin motsinta, ga ta nan fara tas a bayan ɗakin magani kamar firij ɗin mai sayar da ƙanƙara. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba jan igiya har kafaɗa ta goce. Ka yi mana bayani cewa ita ba janareta ba ce, wata iska take tsamowa daga ruwan da ake zuba mata ta mayar da ita lantarki, kuma ko ban gane duka ba na ga aikinta. Firij ɗin allurar rigakafi bai ɗumama ko sau ɗaya ba, ni da na saba zubar da allurai kowace bazara. Lokacin da aka yi kwana huɗu ana ruwa babu rana, wutar sola ta masallaci ta kwanta, mu tamu tana nan. Ruwan nata ba ya tayar da babur, wani ya gwada ya lalata kabiretarsa, don haka ba mai satarsa, mutanen daji da ke farautar fetur ma ba su da abin yi da shi. Shirun nata kansa kariya ne a ƙasar da ƙarar janareta ke sanar da na nesa cewa akwai mai a gidan. Duk wannan gaskiya ne, in ana neman shaida zan bayar a gaban kowa.

Amma ka tuna wanda ka damƙa wa ita. Zan faɗa maka abin da ka sani, don na ga alamar Legas ta shafe maka shi. Bappa ƙanen mahaifinmu ne, shi ya kwashe mu zuwa gidansa ranar da aka kai Baba makwanci, kana da shekara shida, kana riƙe da gefen zanena kana tambaya yaushe za a dawo da shi. Shekara arba'in yana gyaran injin ban ruwa, daga Mafara har Maradun ba manomin rani da bai san ƙofar gidansa ba. Mutum ne da ke gane ciwon inji da kunne, yana zare datti daga hujin kabireta da bai kai na allura ba, kuma bai taɓa sa tabarau ba. A gindinsa ka fara riƙe sifana, shi ya fara kiranka injiniya tun ana yi maka dariya. Da ka zo da Bebiya a watan Janairu ka ce shi zai kula da ita, ya yi murna har ya sa aka ɗinka masa sabuwar riga. Sai da aka kafa ta ya gane ba abin da zai taɓa a jikinta. An rufe ta da hatimi, an ce in ya kwance ko noti ɗaya kamfani ya janye hannunsa. Aikinsa ya zuba ruwa a tanki, ya goge ragar iska, in jar fitila ta kama a ɗauki hoto a tura Legas. Sau ɗaya da ta kama, ko da yake wuta ba ta ɗauke ba, kwana goma sha biyu muka yi muna jiran mai gyara, Bappa yana zagaya akwatin da sifana a aljihu kamar kyanwa a bakin rumbu. Bai yi ƙorafi ba, saboda kai ne ka kawo ta.

Ranar buɗewa, a ƙofar gidan mai gari, dattawa sun ga duron ruwan na'urar sun tambaye ka ko abin yana fashewa. Ina tsaye cikin mata na ji amsarka da kunnena. Ka ce wannan ba fetur ba ne, kusan rabinsa ruwa ne, sauran kuma ɗan sinadari ne, su kwantar da hankalinsu. Ba ka ce guba ba ne. Ko sunan sinadarin ba ka ambata ba, sai a Sakkwato na fara jin kalmar metanol. Koyarwar kwana biyu da takardarku ta ce an yi, daga azahar zuwa la'asar ce, wani ma'aikacinku da ba ya jin ko zo in kashe ka da Hausa yana nuna wa Bappa maɓallai da yatsa, kai kana can kana ɗaukar hoto da mai gari. Littafin na'urar na Turanci ne, kuma ma'aikacin ya koma da shi cikin jakarsa. Za ka ce akwai hoton ƙoƙon kan mutum a jikin duron. Akwai. Lukman, a ina ka girma? Wane duro ne a ƙasar nan ba shi da wannan hoton? Wanda muke tarar ruwan sama da shi a tsakar gida tun muna yara ma yana da shi.

Ɗan famfon roba da ya zo da ita, wanda ake ɗebo ruwan da shi daga duro zuwa tanki, ya tsage a watan Afrilu, zafin bazara ya busar da shi. Sau uku na sanar da kai, saƙonnin suna nan a wayata. Na farko ka ce yana tafe tare da duro na gaba, na biyu ka ce irinsa sai an yo odarsa daga waje, na uku ka yi kunnen uwar shegu. Duron yana kan dakali, ya fi ƙarfin mutum biyu su karkata shi, tankin kuma ba ya jiran oda. To me kake tsammani bakanike zai yi? Ya yanko tiyo, ya zura baki ɗaya cikin duro, ya kama ɗayan da bakinsa ya zuƙo, da ruwan ya taso ya toshe da yatsa, ya tofar da abin da ya shiga masa baki, ya saka tiyon a tanki. Haka ya yi shekara arba'in yana yi da fetur da gas da kananzir. Haka kowane mai babur ke yi daga nan har Gidan Goga, haka kai ma ka yi a garejinsa ba sau ɗaya ba, na sha ganinka kana yamutsa fuska. Fetur yana da mutunci ɗaya, da ya taɓa harshe warinsa ke tayar maka da zuciya, ka tofar ko ba ka so. Naku kuwa ɗan yaji ne kaɗan da ɗan zaƙi-zaƙi, har Bappa yana raha wai bayan shekara arba'in da fetur wannan ai kunu ne. Na sha wucewa in gan shi da tiyo a baki, in yi masa sannu da aiki in shige ɗakin magani. Wannan laifin nawa ne, kuma ba shi kaɗai ne laifina ba.

Ranar Talatar farko ta watan Yuli duron ya yi ƙasa, sabon bai iso ba, mako uku yana hanya. Sai da Bappa ya ja da ƙarfi, ruwan ya taho masa gaba ɗaya, tari ya sarƙe shi, ya haɗiye mai yawa. Ya yi abin da kowane bakanike ke yi in ya haɗiyi fetur, ya sayi madarar gwangwani ya shanye, ya kurkure baki, ya hau babur ya tafi kasuwar Mafara sayen kayan gyara. Bai gaya wa kowa ba, don a wurinsa ba labari ba ne. Ranar lafiya ƙalau ya wuni. Washegari da hantsi Inna Hussaina ta kawo mini shi da ciwon kai da amai da murɗawar ciki. Damina ce, a ranar kaɗai na ga masu irin wannan kuka sun fi ashirin. Na ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro na ce ya je ya kwanta. Da hannuna na ba shi, Lukman, na kuma tsaya sai da ya sha a gabana. Ranar Alhamis da safe ya ce wa Inna komai ya koma masa fari fat, kamar an haska masa fitilar mota a fuska. Sai a lokacin, da na matsa masa da tambaya, ya tuna da maganar tiyo. Kwana biyu cur guba tana aiki a jikinsa ni ina ba shi maganin sauro. Ba ranar da nake wuni ban tuna wannan ba, kuma ba na neman wanda zai ɗauke mini shi.

Muka ɗauki shata zuwa babban asibiti a Sakkwato. Likitan ya tambaye ni me ya sha, na ce ruwan na'ura, ya tambayi wane irin ruwa, na ce ban sani ba, kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Na kira ka sau bakwai. Ka turo saƙo cewa kana taro da baƙi daga waje. Sai bayan awa uku ka kira ka faɗi sunan abin, kuma tambayarka ta farko ita ce wa ya ce masa ya sa baki. Likitan da ya ji sunan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wannan gubar haka take, tana lafawa yini guda sannan ta kama jijiyar ido, kuma da an kawo shi Talata ko Laraba an san abin da ya sha, da akwai abin da za a yi. An wanke masa jini, an ceci ransa, alhamdu lillahi. Idonsa na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu yana bambance rana da inuwa, iyakarsa ke nan. Kwana tara bayan dawowarmu sai ga kwali daga kamfaninku, da sabon famfo na ƙarfe, da safar hannu, da takunkumi, da tabaran kariya, da takardar gargaɗi ta mannawa a jikin duro, ita ma da Turanci. Su ne kayan da takardarku ta ce an ba shi tun Janairu. Da famfon nake zuba wa Bebiya ruwa yanzu da kaina, kwalin kuma yana ƙarƙashin gadona da ranar da aka aiko shi a rubuce a jikinsa.

Har yanzu manoma suna zuwa zaure da injinansu, don aikin rani ya kusa kuma ba su saba da kowa ba sai shi. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya faɗi abin da ke damun injin daidai, sannan ya ce a kai wa wani ya kwance. Jiya na ga ya lalubo akwatin kayan aikinsa ya buɗe, yana ɗaukar sifanu ɗaya bayan ɗaya yana faɗa wa kansa lambarsu, yana mayarwa. Na koma da baya kafin ya ji takuna.

Na san dalilinka, ka faɗa mini shi ranar da layin waya bai katse ba, don ranar kai ke da buƙata. Ka ce masu zuba jari a aikin sun ji labari, suna son a tabbatar musu kuskuren mutum ɗaya ne ba na tsarinku ba, in ba haka ba za su janye, wurare talatin da aka shirya kai wa Bebiya a Mafara da Bakura da Maradun su tashi a banza. Ka ambaci matan Faru da ke haihuwa da hasken waya, da alluran da ke lalacewa a Gidan Goga. Ka ce in dubi jama'a kada in dubi mutum ɗaya. Na dubi jama'ar, na fi ka ganinsu, kullum suna layi a ƙofata. Wurare talatin duro talatin ne, da famfo talatin da zafi zai tsaga, da bakanike talatin kowannensu da tiyo a jakarsa. Mata uku sun riga sun roƙe ni duron da ya ƙare don su zuba ruwan sha. In aka rubuta cewa tsoho ɗaya ne ya yi gangancinsa, ba wanda zai canza komai, za a loda duro a kai Faru, a tara dattawa a gaya musu rabinsa ruwa ne.

Na kuma ga rahoton da ka rubuta wa manyanku, wanda ka saka a zauren waya na 'yan gida kana alfahari kafin abin nan ya faru. Na koma na sake karanta shi. A wurin matsaloli ka sa nisan hanya, ka sa tsadar kafawa, ka sa rashin tsaro, sannan ka sa ƙarancin wayewar mutanen karkara. Wato mutumin da ya koya maka bambancin noti da ƙusa shi ne mai ƙarancin wayewa. In za ka sake rubuta wani, ka sa cewa kamfani ya yi wata uku bai iya aiko da famfon roba ba. Abin da zai hana a maimaita ba shi da wuya. A faɗi sunan abin, a ce guba ne mai makantarwa, a rubuta da Hausar boko da ta ajami, a yi wa duron bakin da tiyo ba zai shiga ba, a gaya wa irinmu ma'aikatan lafiya abin da za mu yi tun ranar farko. Amma ba za a yi ko ɗaya ba sai an yarda cewa ba a yi ba, takardarka kuwa an rubuta ta ne don kada a yarda.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Na karanta wa Bappa takardar, don ba zan ɓoye masa abin da aka rubuta da sunansa ba. Na fassara masa layi-layi, ban rage ba ban ƙara ba. Ya saurara har na gama yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko aikinka zai taɓu in bai sa hannu ba. Na ce haka ka faɗa. Ya ce to a kawo tawada. Na tuna masa cewa ƙarya ce a ciki, ba a ba shi safar hannu ba, ba a gaya masa guba ba ne. Ya ce ya sani, ai shi aka yi wa. Ya ce uba ba ya tsayawa gaban baƙi ya ƙaryata ɗansa, ba a taɓa yi a gidanmu ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Ya ce idanun nasa da ma sun tsufa, ko ba wannan suna hanyar tafiya, alhali a watan Yuni a gabana ya zare wa Inna ƙaya a tafin ƙafa da tsinin allura. Ka san shi da kara. Ko sunanka ba ya kamawa a gaban mutane, don ɗan fari ya ɗauke ka, yaron nan na Legas yake cewa. Kuma saboda ka san haka ne ka aiko takardar ta hannun 'yan gida, ba ta hannun lauyan kamfani ba. Ka san ba zai iya ce maka a'a ba. Wannan ne ban yafe maka ba, ya fi mini maganar famfo ciwo.

Sai ya miƙo mini hannunsa na dama, ya ce tun da ba ya ganin layin in kama masa babban yatsan in ɗora inda ya dace, kada ya ɓata maka takarda. Yatsan nan duk tabon sifana ne, da baƙin man da har yau bai fita daga gefen farcensa ba, wata biyu bayan ya daina aiki. Na ce masa tawadar asibiti ta bushe. Ya mayar da hannun kan carbinsa. Ya san ƙarya nake yi, kuma a rayuwata ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Tun daga nan kullum na je gaishe shi da safe sai ya tambaya ko an samo tawada, in ce ba a samo ba, ya ce to Allah ya kawo. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan muna wannan. Shekaranjiya kuma na ji ka kira Inna Hussaina kana tambayarta ko akwai wanda zai taimaka wa Bappa tun da Adda ta yi nauyin jiki, don haka ba zan bar takardar ta ƙara kwana a garin nan ba.

Ga ta nan cikin wannan ambulan yadda ka aiko ta, layin ƙasa babu komai. Ban yaga ta ba, ban kai ta wurin kowa ba, ban kira masu zuba jarinku ba, ko da yake lambarsu tana jikin allon da kuka kafa a ƙofar asibiti. In dai sun zo sun tambaye ni abin da na gani zan faɗa, da laifina da naku, ba zan rage ko ɗaya ba. Bappa ba zai hana ka yatsansa ba, ni kuma ba ni da ikon hana shi. Abin da nake da iko da shi hannuna ne, kuma ba zai yi wannan aiki ba. In har kana son dangwalen nan, ka hau mota ka zo Bakura. Ka shiga zaure ka durƙusa ka gaishe shi, ka bari ya shafa fuskarka, don haka yake gane mu yanzu. Ka karanta masa takardar da bakinka, da Hausa, har wurin da aka ce an ba shi safar hannu. Sannan ka kama yatsan da hannunka ka ɗora. Ba zai janye ba, wannan na tabbatar maka. Tawada kuwa ni zan ba ka, tana cikin aljihun teburina, ba ta bushe ba.

Ka gaishe mini da Hafiza, ka ce mata ban manta da daddawar da ta roƙa ba, tana cikin ƙullin da direba zai ba ka, ita ba ruwanta. Ka shafa mini kan Husna da Mukhtar. Malam Auwalu yana gaishe ka, ya ce in sassauta, na ce na ji. Nazifa da maigidanta suna gaisuwa. Na tambayi Inna Hussaina ko tana da saƙo, ta ce ba ta da shi. Bappa ya ce a gaishe ka da kyau, a gaya maka yana samun sauƙi, kada ka tayar da hankalinka ka baro aikinka saboda shi. Na isar da saƙonsa yadda ya ba ni. Nawa kuma ka riga ka karanta.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ƙarfin bin ta.

Wassalam.

Ni ce yayarka,
Taibatu Abdu, Addarka.